Motar Alhaji: Yadda Na Shirya 504 Don Gasa Ba Tare da Na Sake Mata Fenti Ba

Motar Peugeot 504 ce, samfurin GL, mai launin ruwan madara. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa a Garwa ta ƙasar Kamaru a 1978, lokacin da yake fataucin atamfa da goro tsakanin Garwa, Yola da Marwa. Ƙirar Faransa ce daga masana'antar Sochaux, ko da yake a lokacin shekara uku ke nan da fara haɗa Peugeot a Kaduna. Ya hau ta fiye da shekara talatin. Da ƙafa ta fara ba shi wahala a 2010, sai ya sa aka tura ta rumfar kwano a bayan gida, aka lulluɓe ta da tamfol. Nan ta zauna har ya rasu, har aka raba gado ta faɗo a rabona.

Wani abokina da ke Yawunde, wanda ke cikin masu tara tsoffin motoci, shi ya sanar da ni suna shirya baje koli da alƙalai masu ba da maki, kuma akwai rukunin motocin da ba a taɓa sabunta su ba. A wannan rukunin ba ƙyalli ake nema ba. Abin da alƙali ke dubawa shi ne nawa ne ya rage a jikin motar daga abin da masana'anta ta saka mata, kuma yaya aka riƙe shi. Tsarin ya yi ƙarfi a duniya yanzu. Ƙungiyar FIVA, mai kula da harkar motocin tarihi, tana lissafa mota a cikin na tarihi in ta kai shekara 30, kuma ƙa'idojinta na Turin da suka fara aiki a 2013 sun fifita adanawa a kan sabuntawa. Gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950, sai a 2024 ta fara ba motar da ba a sabunta ba babbar kyautarta, wata Bugatti Type 59 ta 1934. Tamu ƙaramar haɗuwa ce, amma da irin wannan ma'aunin aka ce za a auna mu.

Wahalar farko ba daga motar ta zo ba, daga masoyanta ta zo. Kawuna ya ce in dai gaban mutane za a kai motar yayansa, to shi zai biya kuɗin fenti. Mai fenti na unguwarmu ya zo da kansa ya zagaya ta, ya ce a ba shi mako biyu za ta fito kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Duk da kyakkyawar niyya suke magana, don a wurinmu girmama abu shi ne a sabunta shi. Sai da na zauna da Kawu na yi masa bayani cewa fentin da aka fesa a Sochaux in aka kankare shi, duk kuɗinmu ba zai dawo da shi ba, kuma shi ne fentin da hannun Alhaji ya taɓa. Bai gamsu ba gaba ɗaya, amma ya ce, “To ɗana, motarka ce, Allah ya ba da sa'a.”

Wanda ya fahimce ni nan take shi ne tsohon bakaniken Alhaji, dattijo mai gareji a Yelwa, wanda tun yana yaron gareji yake canja wa wannan motar baƙin mai. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, “Ɗan Alhaji, na gane. Kada garin neman gira a rasa ido.” Na ce, “Shi ke nan, Baba.” Muka yi yarjejeniya cewa a gida za a yi aikin, shi da yaro ɗaya da ya yarda da shi, kuma ba a kwance ko noti ɗaya sai an ɗauki hotonsa a inda yake.

Kafin ruwa ya taɓa ta na ɗauki hoton kowane lungu da ƙurarsa: ɗakin injin, ƙarƙashin kujeru, cikin but, ƙasan mota. Sannan na koma kan takardu, waɗanda a ganina su ne rabin gasar. Hajiya ta fito mini da wata jakar fata daga adakar Alhaji. A ciki akwai rasiɗin saye, da kat giriz, wato takardar rajistar mota, na farko da sunansa, da littafin jagora na Faransanci da ya zo da motar, da wani ƙaramin littafi da ya cika da ajami. Duk ranar da aka canja baƙin mai, ko taya, ko batir, Alhaji ya rubuta kwanan wata da kilomita da abin da ya biya. Na gwada lambar shasi da ke kat giriz da wadda ke kan farantin masana'anta a ɗakin injin da wadda aka buga a jikin ƙarfen, duka suka zo ɗaya. Duk mai shirin mayar da takardun motar gado zuwa sunansa, ya fara yin kwafi mai launi na tsohon kat giriz gaba da baya kafin ya miƙa shi, don sabon da za a ba shi ba zai ɗauki sunan mai ita na farko ba. Littafin ajamin kuwa na juya shi zuwa Faransanci layi bayan layi, na haɗa kowane shafi da hoton asalinsa.

Injin 504 GL na wannan zamanin mai silinda huɗu ne, cc 1,971, a kishingiɗe yake gefe ɗaya, da kafireto ƙirar Solex. Injin da ya shekara goma sha wani abu a kwance ba a sa masa batir a murɗa makulli. Baba ya cire fulogai, ya ɗiga mai a kowace silinda, muka bar shi ya jiƙa. Bayan kwanaki ya sa sifana a kan fulin gaba ya juya da hannu, a hankali, yana saurare. Ya juya ba tare da ya cije ba. Yaron ya kawo shawarar a ɗaga kan injin a leƙa ciki, Baba ya hana. Ya ce silindar wannan injin sakawa ake yi a cikin bulo, ruwa na zagaye ta kai tsaye, kuma in an ɗaga kai ta motsa ko kaɗan, abin da ya toshe gindinta zai saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Maimakon haka ya auna matsin kowace silinda da agogo, suka zo kusa da juna, muka bar injin a rufe yadda yake.

Tankin mai ne ya ci lokaci. Fetur ɗin da ya rage a ciki ya daskare ya zama danƙo mai wari. Aka sauke tankin aka wanke cikinsa sau da yawa, amma bayansa ba a goge shi da burushin ƙarfe ba, ba a shafa masa baƙin fenti ba. Kafireton ma an warware shi a kan tire, an jiƙa, an busa ƙananan ramukansa, an sa sababbin gasket, aka mayar da ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lambarsa a kan kusar da aka same shi. Na kuma yanke cewa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, ba zai shiga wannan tankin ba. Man kwalba na bakin titi ya taimaki kowa a Garwa, amma ba ka san ƙurar da ya sha ko abin da aka gauraya masa ba, kuma ramukan Solex ba su da haƙurin wannan. Ranar da ta tashi, ta yi hayaƙi fari-fari na ɗan lokaci saboda man da muka ɗiga, sannan ta daidaita. Hajiya ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ta gane ƙarar.

Akwai abubuwan da ba a jayayya a kansu, domin rai ya fi maki. Birkin wannan samfurin faifai ne a ƙafa huɗu, kuma duka sun cije. An buɗe su, an canja robobin ciki, an canja tiyon birki na roba, an zuba sabon man birki, tunda tsohon yana shan danshi yana cin ƙarfe ta ciki. Tiyon lagireto, da bel ɗin fanka, da tiyon fetur duk sababbi ne. Tayoyi huɗu ma haka, lamba 175 a kan rim mai inci 14, kamar yadda littafin jagora ya ce. Safaya kaɗai na bari, wadda ke rataye a ƙarƙashin but, tsohuwar Michelin mai lambar kwanan wata guda uku, alamar an yi ta kafin 2000. Don nuni na bar ta, ba za ta taɓa kwalta ba. Duk abin da aka cire, har maƙalan tiyo masu tsatsa, na sa shi a leda na rubuta inda ya fito da ranar cire shi, na tara su a akwati ɗaya.

Wanki da fenti su ne inda ake rasa mota a rana ɗaya. Ƙurar hunturu da ta kwanta a jikinta shekara da shekaru, in aka sa soso aka murza, ita kanta za ta karce fentin. Saboda haka da ruwa zalla na fara, ina kwarara shi daga sama da moɗa har ƙurar ta sauka da kanta, sannan na sa sabulun mota mara kaifi da tsumma mai laushi, bokiti ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya. Garin sabulun wanki da yaran bakin kogin Binuwai ke wanke motoci da shi yana busar da tsohon fenti da roba. Injin feshin ruwa mai ƙarfi kuwa ko kusa da ita ban bari an kawo ba.

Fentin motocin wancan zamani masu launi ɗaya ba shi da rufin gilashi na sama irin na motocin yau. Launin ne a fili, shi ya sa in ka goga man gogewa za ka ga launin motar a jikin tsumma. Duk abin da ya hau tsumma fenti ne da ya bar motar har abada. Na fara gwaji a cikin murfin but inda ido ba ya kaiwa, da mai mafi laushi, da hannu. Ban yi amfani da injin gogewa ba. Ina aiki bayan sallar asuba da bayan la'asar, don zafin Garwa in ya hau kan ƙarfe yana busar da man kafin ka goge shi. Gefunan mota sun amsa da kyau, launin ya dawo da ɗan sheƙi mai sanyi. Rufi da bonet ne rana ta ci: a wasu wurare fentin ya yi siriri har ana hango launin toka na ƙasa. Nan ban goga komai ba. Na wanke, na shafa kakin mota, na bar shi. Ƙananan tabon tsakuwa da ke hancin motar, na hanyar Marwa kafin a gyara ta, su ma ban cike su ba, sai dai inda tsatsa ta fara, na ɗiga maganin tsayar da tsatsa da bakin tsinke. Bamba na gaba da na baya ƙarfe ne mara tsatsa, ruwa da sabulu suka ishe su.

Abokina ya aiko mini da aron na'urar auna kaurin fenti. Ko'ina a jikin motar tana nuna tsakanin maikuron 100 zuwa 140, abin da ake sa rai daga masana'anta, sai ƙofar baya ta hagu da ta haura 300. Na naɗe maganaɗisu a tsumma na bi ƙofar, a ƙasanta ya ƙi kamawa sosai, alamar akwai foti. Na tambayi Hajiya, ta ce saniya ce ta buge ta a hanyar Gidar, shekarar da aka haifi ƙanwata. Na duba littafin ajami, ga shi nan a 1986, har da kuɗin mai bugun jiki. Launin ƙofar ya ɗan fi sauran haske in rana ta faɗa mata. Akwai wanda ya ce mini a nemo ƙofar wata 504 mai fentin asali a musanya, ba wanda zai sani. Na ƙi. Ƙofar Sochaux ce, an gyara ta ne kawai, kuma gyaran kansa ya kusa shekara arba'in a jikinta.

Ɗakin injin da burushin haƙori da tsumma mai ɗan kananzir aka share shi, a zaune, taƙi bayan taƙi. A nan ne lambar launin fenti take, an buga ta da tawada a jikin ƙarfe, da wasu takardun manne na masana'anta da suka yi ja, da ɗigon fenti da ma'aikata suka sa a kan wasu notoci. Waɗannan su ne shaidar da alƙali ke nema, kuma minti ɗaya na feshin ruwa ya isa ya share su. Zanzaro ya yi gini a bayan batir, ɓera kuma ya ci wayoyi biyu na fitila. Ba mu canja damin wayoyin ba. Baba ya yanke inda aka ci kawai ya haɗa, ya bar bakin kowace waya da lambarta ta asali. Ƙasan motar jar laka ce ta haɗu da mai ta zama ɓawo. Da katako muka ɓamɓare ta, kuma a mafi yawan wurare ƙarfen da ke ƙarƙashinta lafiya lau yake. Busasshiyar iskar arewa ta yi wa motar alheri. Tsatsa ta gaske wuri biyu muka samu, kusurwar but da ƙasan gilashin gaba, kuma ba inda ta huda, don haka ba a kawo mai walda ba.

Cikin motar ne ya fi faranta mini. Tun makon da ya saye ta Alhaji ya sa tela ya ɗinka wa kujeru riga, in ta tsufa a ɗinka wata. Da muka cire, kujerun baya kamar ba a taɓa zama a kansu ba. Ta direba ce ɗinkinta ya farke a gefe. Wani baduku ya ɗinke ta da hannu, yana bin ramukan allurar farko ɗaya bayan ɗaya don kada ya huda sabo. Gaban mota ya tsage a sama saboda rana, na bar tsagar. Takardun harajin mota na shekaru da ke manne a gilashi, da carbin da ke rataye a madubi, duk suna nan.

Ban da tiyoyi da bel ɗin da muka canja, abu biyu ne a ɗakin injin ba na Faransa ba. Batir, wanda dole ne, da lagireto. Littafin Alhaji ya nuna a 1989 lagireton asali ya fashe, ya sayo wani a Yola, na motocin haɗin Kaduna. Na rubuta wannan, da batun ƙofar, da duk abin da muka canja, a takarda ɗaya da na sa a farkon fayil ɗin.

Daga Garwa zuwa Yawunde ya haura kilomita 1,000, ta Ngaundare da Meiganga da Garwa-Bulai da Bertuwa. Motar za ta iya, amma tsakuwa ɗaya daga tayar tirela ta isa ta fasa gilashin da ke ɗauke da tambarin masana'anta. Bayan na yi mata inshora da bizit teknik, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, na yi hayar babbar mota mai rufaffen baya. Ta tayoyi aka ɗaure ta, ba ta bamba ba, kuma ban rufe ta da tamfol ba, don tamfol in yana kaɗawa goge fenti yake. Direban na ba shi kwafin takardu saboda shingayen jandarma. A Yawunde danshi ya sa ta yi nawar tashi da safe, Baba ya buɗe murfin distiributa ya share raɓar da ta taru a ciki, ta tashi.

Alƙalai uku ne. Suka ce a buɗe bonet da but da ƙofofi huɗu. Ɗaya ya ɗauki kat giriz yana gwada lambobi, ɗaya ya durƙusa da tocila yana leƙa ƙasa, na uku yana bin jiki da na'urar auna fenti. Kafin ya kai ƙofar baya na miƙa masa takardar da na rubuta, na nuna masa shafin 1986. Ya auna, ya gyaɗa kai, ya wuce. Suka taɓa injin suka tabbatar da sanyi yake, sannan suka ce a tayar. Suka gwada hon, da waifa, da sigina, da fitilun gaba masu ƙwai rawaya, irin da dokar Faransa ta wajabta har 1993. Suka nemi jak da sifanar taya, na fito da su daga inda masana'anta ta ajiye su. Littafin ajamin ya tsayar da su fiye da komai. Ba wanda ya iya karanta shi a cikinsu, amma suna bin fassarar suna gwada kilomita da shekaru.

A kan lagireto suka saba. Ɗaya ya ce ba na samfurin ba ne, a rage maki. Ɗaya ya ce canji ne da aka yi lokacin motar na cikin aikinta, kuma ƙa'idojin Turin sun ɗauki irin wannan a matsayin tarihin mota. An rage maki kaɗan. Ni ina tare da na biyun. Motar da ta yi rayuwarta tsakanin Garwa da Yola, kayan Kaduna a jikinta shi ne abin da ya kamata a samu, kuma ba ni da niyyar neman na Faransa in musanya shi. Mun zo na biyu a rukuninmu, bayan wata Mercedes ta Duwala da ta yi yawancin rayuwarta a gareji, fentinta bai san rana irin tamu ba. Hukuncin bai yi mini zafi ba, ta fi tawa lafiyar jiki.

A takardar makin da suka ba ni sun ja layi a ƙarƙashin abu biyu: agogon gaban mota da ba ya tafiya, da robar da ke zagaye da gilashin gaba. Agogon mai sauƙi ne, akwai mai gyaran agogo a babbar kasuwa da ya ce zai buɗe shi ba tare da ya taɓa fuskarsa ba. Robar ce ke da wuya. Ta asali ce, amma ta bushe ta tsattsage, kuma ta nan ruwan da ya kawo tsatsar ƙasan gilashi yake shiga. In an bar ta, damina za ta ci gaba da cin ƙarfen. In za a canja ta, sai an cire gilashin da ya shekara arba'in da wani abu a wurinsa, kuma tsohon gilashi na iya fashewa a hannun mai cirewa. Ni da Baba mun tsaya a kan za a canja ta kafin ruwan watan Mayu: za a yanka tsohuwar robar da wuƙa daga ciki don gilashin ya fito ba tare da an danna shi ba, a adana guntayenta a akwatin. Na aika wa masu sayar da kayan Fijo a Yola da Mubi awon gilashin, ina jiran wanda zai samo robar da ba ta daɗe a shago har ta bushe ba.